FILIN KIWON LAFIYA: Kwanciyar Mai Maƙoƙo Bisa Gadon Fiɗa

Madugu ba ya ta da ayari daga Fachi sai ya bi raƙuma ɗaya-ɗaya ya duba ɗaurin kayansu. Ya san in kantun gishiri ya karkace, ba ranar farko ya ke cutar dabba ba. Sai an yi nisa cikin Tenere sannan a ga baya ya yi miki. Raƙumi kuwa ba shi da bakin da zai ce ga inda kaya ke danne shi.

Haka mutum ya ke idan an sa shi barci a asibiti don a fiɗe masa maƙoƙo. Awa biyu ko uku yana kwance, wuya a miƙe, kai a ɗage. Ba ya ji, ba ya gani, ba ya iya cewa jiri na ɗibarsa. Yadda aka kwantar da shi kuwa yana iya rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwarsa. Filin wannan wata zai yi bayanin wannan kwanciya, da abin da likita ke yi, da abin da ya rataya a wuyan maras lafiya da danginsa.

MENE NE MAƘOƘO?

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, akwai wani ɗan nama mai ɓari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Likitoci na kiransa tiroyid. Nauyinsa kamar giram 20 ne, wato bai wuce dabino uku ba. Shi ke zuba wa jini wani ruwa mai daidaita ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro. Ba ya iya wannan aiki sai da wani sinadari mai suna iyod, wanda mutum ke samu cikin abinci. In iyod ya yi ƙaranci, sai naman ya yi ta kumbura don ya cika aikinsa. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ya fi kama mata. Akwai kuma wanda wasu cututtuka ke kawowa.

Ƙasashen da ke nesa da teku sun fi fama da rashin iyod, Nijar kuwa tana cikinsu. Gishirin Fachi da na Bilma, kantu da beza, ya daɗe yana amfanin mutane da dabbobi. Amma gishirin rami ba ya ɗauke da isasshen iyod sai an zuba masa. Shi ya sa tun cikin shekarun 1990 gwamnati ta kafa doka a riƙa sa iyod cikin gishirin miya. Gishiri mai iyod yana hana sabon maƙoƙo fitowa. Tsoho kuwa, wanda ya girma ya yi tauri, ba ya narkar da shi. Idan ya fara danne maƙogwaro, ko ya hana haɗiya, ko ya shaƙe murya, ko likita ya ga alamar mugun ƙari a ciki, sai fiɗa. Wannan ba aikin wanzami ba ne. Tsaga da ƙaho da sakiya ba su rage maƙoƙo, ga shi kuma manyan jijiyoyin jini suna kwance dab da shi.

INDA A KE YIN AIKIN

Ba a yin wannan fiɗa a ƙaramin gidan likita na gari. Tana bukatar ɗakin fiɗa, da likitan fiɗa, da ma'aikacin sa barci, da jinin ƙari ko da za a nema. Mutumin Fachi zai fara daga gidan likitan garinsu, a duba shi a ba shi takarda. Bilma tana kimanin kilomita 160 ta gabas. Agadas tana fiye da kilomita 400 ta yamma. Tsakani kuwa rairayi ne zalla. Daga babban asibitin Agadas, in aikin ya fi ƙarfin wurin, a kan tura mutum Damagaram ko Yamai.

Da can wannan aiki abin tsoro ne ƙwarai. Wajen shekarar 1850, cikin mutum 100 da aka yi wa shi a Turai, kimanin 40 ke mutuwa saboda zubar jini da ruɓar miki. Sai wani likita na birnin Bern a ƙasar Suwis, mai suna Theodor Kocher, ya gyara hanyar aikin. Ƙasarsa ta duwatsu ce, nesa da teku, maƙoƙo ya yi yawa a cikinta. Ya yi wa mutum fiye da 5,000 wannan fiɗa, har ya zama ba a rasa ko mutum 1 cikin 100. A shekarar 1909 aka ba shi babbar kyautar Nobel. Yau aikin maƙoƙo yana cikin ayyukan da a ke yi a tashi lafiya. Kula da kwanciya tana cikin abubuwan da ke tsare wannan lafiya.

YADDA A KE KWANTAR DA MUTUM

Bayan maganin barci ya kama mutum, an sa masa bututun numfashi a maƙogwaro, sai a yi abu uku.

Na ɗaya, a kwantar da shi rigingine, a sa naɗaɗɗen zane ko ɗan matashi ƙarƙashin kafaɗunsa.

Na biyu, a bar kansa ya koma baya, haɓa ta dubi sama. A ɗora ƙeyarsa bisa wani abu mai kamar gammo don kada kai ya yi lilo.

Na uku, a ɗaga gadon ta wajen kai kaɗan, yadda kai zai ɗara ƙafafu.

Kowanne da dalilinsa. Miƙe wuya yana turo maƙoƙon waje, likita ya ga abin da ya ke yankawa, kada ya taɓa jijiyar murya. Ɗaga gado yana sa jinin da ya gama aiki ya gangara zuwa zuciya, kada ya cika wurin fiɗa. Ke nan kwanciyar alheri ce. Amma kowane abu in ya wuce kima sai ya zama cuta.

ƘWAƘWALWA BA TA DA RUMBU

Cikin iskar da mutum ke shaƙa akwai wani kashi mai rayarwa, sunansa oksijan. Shi ne kashi 21 cikin 100 na iska. Wuta ma ba ta ci sai da shi: a kife ƙwarya bisa fitila a gani, yanzu za ta mutu. Huhu ke karɓar oksijan, jini ya ɗauka, zuciya ta tura shi ko'ina cikin jiki.

Nauyin ƙwaƙwalwa kashi 2 ne kawai cikin 100 na nauyin mutum. Amma ita kaɗai ke cinye kashi 20 cikin 100 na oksijan da jiki ke amfani da shi. Kowane minti, jinin da ya kusa cika kwalbar lita ɗaya ke ratsa ta. Mutanen Fachi na tara hatsin da ayari ya kawo su ci har wani ayari ya zo. Ƙwaƙwalwa ba ta da irin wannan rumbu. Abin da ya iso yanzu shi ta ke ci yanzu. In jini ya tsaya cak, cikin sakan 10 mutum zai suma. In ya kai minti 4 zuwa 6, sai ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta gyaruwa.

Jijiyoyi huɗu ke kai mata jini, dukansu kuwa ta wuya su ke bi. Biyu manya suna gaba, a gefen maƙogwaro. Kowa ya ɗora yatsa a wurin zai ji bugunsu. Biyu ƙanana suna baya, suna ratsa ramukan ƙasusuwan wuya kamar zare cikin tasbaha. A gindin ƙwaƙwalwa sai su huɗun su haɗu su yi zobe. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana wannan zobe a shekarar 1664. Amfaninsa shi ne, in hanya ɗaya ta ƙuntata, sauran su cike gurbi. Sai dai a jikin mutane da yawa zoben bai haɗe sosai ba, mai shi kuwa bai sani ba.

ABIN DA KWANCIYA KE YI WA JINI

Abu na farko tanƙwara ce. Mai lambu ya san in tiyo ya tanƙware, ruwa na raguwa. Haka bakin salka. Idan aka ɗage kai baya fiye da kima, jijiyoyin gaba su kan miƙe su ja, na baya kuma ƙashi ya kan matse su. In an haɗa da juya kai gefe, matsin ya ƙaru.

Abu na biyu hawan tudu ne. Ruwa ba ya hawa tudu sai da ƙarfi. Raƙumin dawa na Kure, saboda tsawon wuyansa, ƙarfin jininsa ya kai ninki biyu na mutum, in ba haka ba jini ba zai kai kansa ba. A gidan likita a kan ɗaura wa mutum awo a damtse a ce jininsa 12 da 8. Wannan awo na daidai zuciya ne. Duk santimita 13 da kai ya ɗara zuciya, ƙarfin jinin da ke isa kai yana raguwa da maki 1. Ɗaga gadon fiɗa ya kan ci kusan maki ɗaya ɗin nan.

Abu na uku maganin barci ne. Shi kansa yana sassauta jijiyoyi, ƙarfin jini ya sauka. Ɗaya cikin ukun nan ba wani abu ba ne. Haɗuwarsu lokaci guda, awa biyu ko uku, ita ce abin kula.

Jiki kuwa yana da nasa tsaro. In ƙarfin jini ya sauka kaɗan, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su kan buɗe don jini ya wadata. Shi ya sa mai ƙuruciya da lafiyayyun jijiyoyi ya ke jure wannan kwanciya ba tare da wata illa ba.

ABIN DA AWO YA NUNA

A ɗakin fiɗa a kan maƙala wa mutum wani ɗan awo a yatsa mai jan haske. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya ƙago shi cikin shekarun 1970. Yana nuna ko jini ya ɗauko oksijan isasshe. Awo ne mai ceton rai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da a ke dubawa kafin a fara kowace fiɗa. Amma bai faɗin yawan jinin da ya isa kai. Sanin ayari ya ɗauko hatsi dabam, sanin ya iso gari dabam.

Akwai wani awo na biyu da a ke liƙawa a goshi. Yana aika haske ta cikin ƙashin kai ya auna oksijan na ƙwaƙwalwar kanta. Wani masani a Amurka, Frans Jobsis, ya nuna wannan dabara a shekarar 1977. Ga mai lafiya awon ya kan nuna tsakanin 60 da 80. In ya sauka da kashi ɗaya cikin biyar na inda ya fara, sai likita ya tashi tsaye.

A shekarar 2016 wasu likitoci a ƙasar Turkiyya suka ba da labarin awon da suka yi wa masu fiɗar maƙoƙo. Sun ga bayan an ɗage kai, jinin manyan jijiyoyin wuya da oksijan na ƙwaƙwalwa suna raguwa sannu-sannu. Raguwar ta fi fitowa wajen ƙarshen aiki. Ga yawancin mutane irin wannan raguwa kaɗan ce, jiki na jure ta. Darasin shi ne kada a ɗage kai fiye da bukata, kada kuma a bar ƙarfin jini ya faɗi.

Awon goshi yana da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba. Inda babu shi, ma'aikacin sa barci yana dogara ga awon damtse, da awon yatsa, da idonsa, da kuma abin da maras lafiya ya gaya masa tun kafin barci.

WAƊANDA SUKA FI BUKATAR KULA

Tsofaffi, don jijiyoyinsu sun yi tauri, wasu sun ƙuntata.

Masu hawan jini. Ƙwaƙwalwarsu ta saba da jini mai ƙarfi. Awon da ya ishi wani, su bai ishe su ba.

Masu ciwon suga, da masu shan taba.

Wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ko bakinsa ya taɓa karkacewa, ko da na yini ɗaya ne ya warke.

Mai ciwon ƙashin wuya, ko wanda ya taɓa faɗowa daga raƙumi ko bisan dabino ya bugu a wuya.

Mai ƙarancin jini, kamar macen da ta sha haihuwa kusa-kusa. Jini kaɗan, oksijan kaɗan ya ke ɗauka.

Mai babban maƙoƙo da ke hana shi numfashi in ya kwanta rigingine.

Ba a ce waɗannan ba za a yi musu aiki ba. Ana yi musu, suna tashi lafiya. Sai dai su a kan ƙara musu shiri.

AIKIN MA'AIKATAN ASIBITI

Kafin ranar fiɗa, ma'aikacin sa barci ya kan duba mutum ido biyu. Ya sa shi ya ɗaga kai, ya sunkuyar, ya juya dama da hagu, don ya ga iyakar inda wuya ke kaiwa ba ciwo ba jiri. Wannan iyaka ba a wuce ta in mutum ya yi barci. Ya auna jini, ya aika a duba yawan jinin da suga.

Cikin ɗakin fiɗa, a kan tabbatar ƙeya ta zauna bisa gammo, kai bai rataye a iska ba. A daidaita kai a tsakiya. A ɗaga gadon sannu a hankali. A riƙa auna ƙarfin jini duk bayan minti 3 zuwa 5. In ya sauka, a ƙara ruwa ta jijiya, ko a yi allurar da ke ɗaga shi, ko a sauke gadon, ko a rage ɗagewar kai. Duk wannan ana yinsa mutum na barci bai sani ba.

AIKIN MARAS LAFIYA

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Akwai abin da babu awon da zai gaya wa likita sai bakin mai jiki. Mutanen karkara sun saba, in an tambayi jiki, su ce da sauƙi. Wannan amsar gaisuwa ce. Idan ma'aikaci ya ce, "Inna, in kin ɗaga kai kin dubi sama, kina jin jiri?" ko ya ce, "Baba, hannunka ya taɓa mutuwa?" to, ba gaisuwa ya ke yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga abin da ya kamata a yi:

1. A faɗa in ɗaga kai don duban kan dabino yana kawo jiri, ko duhun ido, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu.

2. A faɗi tsohon ciwo duka: hawan jini, suga, suma, shanyewar jiki, buguwar wuya.

3. A kawo duk maganin da a ke sha a nuna, na likita da na gargajiya. Kada a tsai da wani ko a ƙara wani sai da izinin likita.

4. A iso da kwanaki a hannu. Wanda ya keto Tenere jikinsa ya bushe, ƙarfin jininsa ya fi saurin faɗuwa. Ya huta, ya ci, ya sha ruwa sosai kafin ranar aiki.

5. A bi dokar barin ci. Galibi a kan bar abinci awa 6 kafin fiɗa. Ma'aikata za su faɗi lokacin barin ruwa.

6. Wanda ba ya jin Hausa ko Faransanci sosai, Babarbare ne ko Batube ko Ba'abzine, ya zo da tafinta cikin danginsa. Kada ya gyaɗa kai ga abin da bai gane ba.

7. Mai shan taba ya bari tun makonni kafin aiki.

BAYAN AN FITO

Ciwon ƙeya, da ciwon kai, da tashin zuciya, da kaushin maƙogwaro, sun saba zuwa bayan wannan aiki. Yawancinsu daga ɗagewar kai ne da bututun numfashi. Su kan wuce cikin ƴan kwanaki.

Amma mai jinya ya buɗe ido, musamman daren farko. Ya kira ma'aikaci nan take, kada ya jira safiya, in ya ga ɗaya cikin waɗannan: wuya na kumbura da sauri, numfashi na ƙara ko yana wuya, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ƙi motsi, magana ta sarƙe, mutum bai gane danginsa ba, ko ya ƙi farkawa sosai, leɓɓa da yatsu na tsiratsira, ko yatsu na ƙandarewa. Kowane ɗaya yana da magani in an yi hanzari.

Kada a yi gaggawar kama hanyar gida. Tsakanin Agadas da Fachi babu ɗakin fiɗa. Sai likita ya duba miki ya ba da izini. Wanda aka cire wa naman duka zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya har iyakar rayuwarsa, don ta maye aikin abin da aka cire. Ya tanadi ta watanni kafin ya bar birni, ya san kuma ta hannun wa za a riƙa aiko masa da wata.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, da bakin rijiya, da wurin yaƙi da jahilci. Mai maƙoƙo kada tsoro ya sa ya zauna gida har numfashi ya gagara. Ya je gidan likita tun abin yana ƙarami, ya faɗi gaskiyar jikinsa duka. Masu ƴaƴa kuma su nemi gishiri mai iyod don miyar gida, su adana shi cikin abu mai murfi, nesa da rana da laima.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya. Sai wata mai zuwa.